Darasi: Ranakun Hutu Na Gwamnati A Sudan Da Abin Da Doka Ta Ce A Kansu



Ni ne tafintan da kuke tararwa zaune kusa da jami'ar kariya, mai juya maganarku daga Hausa zuwa Larabci, in juyo muku amsa. An ba ni shafin darasi na wannan fitowa, na ce zan yi magana a kan ranakun hutu na gwamnati. Na san wani zai ce, mutumin da ya baro gidansa da gonarsa, ba shi da aikin albashi, ina ruwansa da hutun ma'aikata? Ku ɗan yi haƙuri ku ji dalili.

Lokacin Mauludin da ya wuce, wata baba daga cikinmu ta tashi tun da asuba, ta goya jikanta, ta hau raksha zuwa Kalakla Laffa, daga nan ta shiga hafila zuwa wani ofishi don neman takardar haihuwar yaron. Kuɗin motar ma rance ta ci. Da ta isa sai ta tarar da ƙofa a garƙame, maigadi ya ce mata yau babu aiki. Ta san ana cikin kwanakin Mauludi, amma a lissafinta sai gobe ne ranar. Ta dawo da la'asar, ba takarda, ba kuɗi, yaro ya galabaita da rana. Rabin laifin nawa ne, domin ni na ce mata ta je ranar, ban tsaya na duba ko an yi sanarwar hutu ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai ɗana, amma ni abin bai bar raina ba. Shi ya sa na zaɓi wannan darasi.

Wa ke ba da hutu?

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, a Sudan ba kalandar da ke rataye a bangon kanti ce ke ba da hutu ba. Sanarwa ce. Idan wata rana mai muhimmanci ta matso, Babbar Sakatariyar Majalisar Ministoci ce ke fitar da 'yar gajeriyar takarda, ta faɗi ranar da hutu zai fara da ranar da za a koma aiki. Kamfanin dillancin labarai na ƙasa, SUNA, da rediyo da talabijin na gwamnati su yaɗa ta, daga nan ta shiga wayoyin mutane. Da yaƙi ya ɓarke a 2023 gwamnati ta koma Bur Sudan da zama, a lokacin daga can sanarwar ta riƙa fitowa, amma ko daga ina ta fito ta shafe mu a nan Kalakla kamar yadda ta shafi Umdurman da Bahri da Kassala. Sau da yawa takan fito ne kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Wannan shi ne abin da ya cuci baba.

Ga kalmomin da za ku kasa kunne ku ji, ko da Larabcinku bai nuna ba. Idan an ce "uɗla rasmiyya", hutun gwamnati ke nan, ofisoshi da bankuna da kotuna da makarantu a rufe. Idan an ƙara da "fi jami'i anha'il bilad", ma'ana a duk faɗin ƙasa, kowa da kowa. Wani lokaci kuma za ku ji an ce hutun na Kiristoci ne kaɗai, kamar yadda akan yi a wasu kwanakin Ista. A irin wannan rana ofis a buɗe yake, sai dai ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗinka yana iya kasancewa ba ya nan. A ƙarshen sanarwar akan faɗi ranar da ma'aikata za su koma bakin aiki, kuma wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ta fi amfani gare mu. Akwai wata kalma, "ijaza". Ita hutun ma'aikaci ne shi kaɗai, na shekara ko na rashin lafiya. Idan an ce maka wane yana ijaza, ka tambayi wanda ya riƙe masa aiki, kada ka juya ka tafi gida.

Ban da sanarwar ƙasa, walin jiha yana da ikon rufe makarantu ko ofisoshin jiharsa saboda ambaliya ko tsaro. Wannan ba ya shafar sauran jihohi.

Hutun mako kuwa Juma'a ne da Asabar. Manyanmu sun san zamanin da Juma'a kaɗai ake hutawa, a 2008 ne aka ƙara Asabar. To ranakun aiki su ne Lahadi zuwa Alhamis. Shawarata, kada ka kai takarda mai muhimmanci ranar Alhamis bayan azahar. Lahadi da safe kuma layi ya fi tsawo. Litinin da Talata sun fi sauƙi.

Ranakun da ba su motsi

Waɗannan su ne masu bin kalandar Miladiyya, kowace shekara rana ɗaya suke faɗowa.

Babbarsu ita ce 1 ga Janairu. Yara da yawa suna zaton hutun sabuwar shekara ne, alhali ranar 'yancin kai ce. A ranar 1 ga Janairu 1956 aka sauke tutar Ingila da ta Masar a fadar Khartum, firaminista Isma'il al-Azhari da jagoran 'yan adawa Muhammad Ahmad Mahjub suka ɗaga tutar Sudan. Tutar wancan lokaci shuɗi ce da rawaya da kore. Wadda muka sani yanzu, mai ja da fari da baƙi da kore, a 1970 aka kawo ta, zamanin Numeiri. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na soja da na farar hula, babu wadda ta taɓa wannan rana. Ita kaɗai ce zan iya ce muku ku rubuta a bango ba tare da jiran sanarwa ba.

Sai Kirsimeti, wadda a ƙasar nan biyu ce. Katolika da sauran coci-coci, har da maƙwabtanmu 'yan Sudan ta Kudu, suna yin tasu ranar 25 ga Disamba. Ƙibɗawa, waɗanda unguwar Masalma ta Umdurman ta shahara da su, suna yi ranar 7 ga Janairu, tare da Kiristocin Habasha da Eritiriya, domin suna bin tsohon lissafin kwanaki wanda ke bayan na Miladiyya da kwana 13. Labarin wannan hutu yana nuna yadda doka ke bin siyasa. Kafin a raba ƙasa, 25 ga Disamba hutu ne na kowa. Da Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yuli 2011, gwamnatin Bashir ta cire ta daga ranakun hutu na ƙasa. Haka aka zauna shekara takwas. A Disamban 2019 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ta mayar da ita, har ministan harkokin addini na lokacin, Nasruddin Mufarrih, ya nemi afuwar Kiristoci a bainar jama'a kan abin da aka yi musu a baya. An kuma shigar da 7 ga Janairu cikin ranakun hutu.

Mu yawancinmu Musulmi ne, amma a wannan matsuguni da kewayensa akwai iyalan Kirista da suka gudo daga wuta ɗaya da mu, famfo ɗaya muke layi. Ranar bikinsu a bar su su yi ibadarsu cikin natsuwa, a hana yara tsokana. Wanda ya ɗauki Kirista aiki kuma ya sani ana ba shi awa biyu safiyar Lahadi don ya je coci.

Akwai rukuni na uku, wanda nake kira ranakun siyasa. Kowane mulki da ranarsa. Numeiri ya karɓi mulki ranar 25 ga Mayu 1969, shekara goma sha shida ana bikin wannan rana, aka ƙara da 3 ga Maris, ranar haɗin kan ƙasa, don tunawa da yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972 da ta tsayar da yaƙin Kudu na farko. Da boren jama'a ya kawar da shi ranar 6 ga Afrilu 1985, bukukuwansa suka bi shi. Bashir ya yi juyin mulki ranar 30 ga Yuni 1989, mu da muka tashi a zamaninsa mun san 30 ga Yuni a matsayin hutu tun muna firamare. Da ya faɗi ranar 11 ga Afrilu 2019, ita ma ta faɗi. Sai aka kawo 19 ga Disamba, ranar da zanga-zangar Atbara ta 2018 ta kama wuta. Abin sha'awa, ranar tana da tsohon tarihi, domin a 19 ga Disamba 1955 ne majalisar dokoki ta zartar da ƙudurin 'yancin kai, kwana 13 kafin a ɗaga tuta. Haka 21 ga Oktoba, ranar boren 1964 da ya kayar da Janar Ibrahim Abbud, mutane suna tunawa da ita ko an ba da hutu ko ba a bayar ba.

Ni tafinta ne, ba ɗan siyasa ba, kuma wannan takarda ba ta goyon bayan kowa. Na kawo waɗannan ranaku ne saboda abu biyu. Na ɗaya, kada ka ɗauka rana hutu ce don bara hutu ce, ka jira sanarwa. Na biyu, a irin waɗannan ranaku akan ƙara shingen bincike, wani lokaci a rufe gadoji. Wanda ba dole ba, ya zauna kusa da gida. Wanda dole ta sa ya fita, ya riƙe takardar shaidarsa, kuma ya faɗa wa wani inda za shi da lokacin da ake sa ran dawowarsa. Samari, da ku nake musamman.

Ranakun da ke bin wata

Su huɗu ne: Ƙaramar Salla, Babbar Salla, sabuwar shekarar Hijira wato 1 ga Muharram, da Mauludi, 12 ga Rabi'ul Awwal. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kwana goma ko sha ɗaya, shi ya sa waɗannan ranaku suke matsowa baya kowace shekara. Babu wanda zai manta da Ƙaramar Sallar 2023. Yaƙi ya tashi ranar Asabar 15 ga Afrilu, muna cikin goman ƙarshe na azumi, mata suna shirin kai habiz gidan burodi, teloli suna kwana a kan keke. Salla ta zo ranar Juma'a 21 ga wata, da yawa daga mutanen Kalakla ba su sa kayan da suka ɗinka ba. A 2024 ta zo 10 ga Afrilu, a 2025 ta zo 30 ga Maris. Kun ga yadda take ja da baya. A wannan lissafi ana sa ran azumin 2026 zai kama wajen 18 ko 19 ga Fabrairu, Ƙaramar Salla wajen 20 ga Maris, Babbar Salla wajen 27 ga Mayu. Na ce "wajen", domin ganin wata ne ke yanke hukunci.

A Sudan hukumar da ke tabbatar da ganin wata ita ce Majma'ul Fiƙhil Islami, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasa. Ita ke cewa gobe azumi ko gobe Salla. Majalisar Ministoci kuma ita ke cewa kwana nawa za a huta. Aiki biyu ne, hukuma biyu. Masu 'yan'uwa a Kano ko Sakkwato sun san a can Sarkin Musulmi ke sanar da ganin wata, ministan cikin gida ya ba da hutu. Yana yiwuwa a sami bambancin kwana ɗaya tsakaninmu da su, ko tsakaninmu da Masar ko Chadi. Saboda haka saƙon murya da ɗan'uwanka ya turo daga wata ƙasa ba shi ne zai buɗe ko ya rufe ofis a Khartum ba.

Hutun Salla shi ne mafi tsawo, kuma shi ya fi cutar da wanda bai shirya ba. Babu adadin kwana guda da za a dogara da shi kowace shekara, sanarwa ce ke faɗa. Na Babbar Salla yakan fara tun daga ranar Arfa. Idan ya haɗu da Juma'a da Asabar, sai ka ga mako guda cur ko fiye babu ofishin da ya buɗe. Ko bayan an koma, gaskiya ita ce kwana biyun farko aiki ba ya tafiya sosai, domin ma'aikata da yawa sun tafi garuruwansu, hanya kuwa yanzu ba kamar da ba ce. Duk mai takardar da wa'adinta zai ƙare a kusa da Salla, ya sabunta ta tun mako biyu kafin. Mai ciwon sukari ko hawan jini ko tarin fuka ya karɓi maganin da zai kai shi bayan hutu. Mai juna biyu da watanta ya kama ta san tun da wuri asibitin da za ta da wanda zai kai ta cikin dare. Kuɗin mota yakan tashi a jajibirin Salla. Bankuna a rufe suke, Bankak yana aiki idan akwai intanet, amma masu canja kuɗin waya zuwa tsaba sukan ƙara ladarsu a kwanakin.

Mauludi kwana ɗaya ne a takardar gwamnati, amma a wurin jama'a tun daga farkon wata ake yi. Wanda ya taɓa zuwa filin Halifa a Umdurman, kusa da ƙubbar Mahadi, ko filin Mauludi na Sajjana, ya san tantunan Tijjaniyya da Ƙadiriyya da Sammaniyya da Hatmiyya, da tamburan zikiri, da alewar amarya da ta doki da ake saya wa yara. Ina ƙarami babana yakan ɗauke ni a kafaɗa don in hango tutoci. Allah ya maimaita mana cikin zaman lafiya. Amma ku lura, kwanakin nan goma sha ɗaya na farko ba hutun Mauludi ba ne a wurin gwamnati, kada wani ya fasa zuwa alƙawarin ofis ko na allurar rigakafi don ana Mauludi.

Watan azumi shi ma ba hutu ba ne, sai dai ana rage lokacin aiki, ofisoshi suna tashi da wuri. A je da safe.

Haƙƙin mai aiki a ranar hutu

A nan zan ɗan daɗe, domin da yawa daga samarinmu da matanmu sun sami 'yan ayyuka a gidajen burodi, da wurin gini, da shaguna, kuma a nan ake cin haƙƙin mutane ba su sani ba.

Dokar da ke magana a kan wannan ita ce Dokar Ƙwadago ta 1997, a Larabce Ƙanunul Amal. Ma'aikatan gwamnati suna da tasu dokar daban, ta 2007. Dokar 1997 ta sa lokacin aiki awa takwas a rana, awa 48 a mako. Ma'aikacin da ya cika wata uku yana aiki ba yankewa yana da haƙƙin hutawa a ranakun hutu na gwamnati, kuma a biya shi cikakken albashinsa, ba a yanke masa ko jine ɗaya. Aikin da ya wuce lokaci ana biyansa daban. A ranar aiki ta yau da kullum awa ɗaya ana lissafa ta awa ɗaya da rabi. A ranar hutun gwamnati awa ɗaya ana lissafa ta awa biyu.

Bari mu yi lissafi. A ce ladar awa ɗaya ta aikinka jine 1,000 ce. Maigida ya riƙe ka awa huɗu bayan lokacin tashi ranar Talata. Awa huɗu sun zama shida, jine 6,000 ke nan. Idan kuwa ranar Salla ce ko 1 ga Janairu ya kira ka ka yi waɗannan awa huɗu, sun zama takwas, jine 8,000. Wanda ya ba ka 4,000 ya ce ai awa huɗu ka yi, rabin haƙƙinka ya ba ka.

Dokar ta kuma rage wa mai azumi awa ɗaya a rana cikin Ramadan ba tare da yanke albashi ba, haka ma mai shayarwa har shekara biyu daga haihuwa. Wanda ya cika shekara guda yana da hutun shekara na kwana 20, yana ƙaruwa da daɗewar aiki. Mai haihuwa tana da mako takwas. Wanda ya yi shekara uku yana da kwana 15 na aikin Hajji sau ɗaya. Akwai wani sashe da nake so matanmu su sani, domin yaƙin nan ya bar zawarawa da yawa: ma'aikaciyar da mijinta ya rasu tana da hutun takaba, wata huɗu da kwana goma, da albashinta. Ba alfarma ba ce maigida zai yi mata, doka ce.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Dokar ta lissafa mutanen da ba ta shafa ba, kuma idan ka karanta jerin sai ka ga kamar mu aka zauna aka kwatanta. Masu aikin gida ba su ciki, suna ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta 1955, tun kafin 'yancin kai. Yawancin masu aikin gona ba su ciki, alhali kakanninmu ne suka tsinci audugar Jazira tun da aka buɗe aikin a 1925, kuma har yau hannunmu ne ke yankan riɗi da dawa a Gadarif. 'Yan aikin yini, masu yaumiyya, ba su ciki. Wanda ke aiki a shagon babansa ko na yayansa, yana zaune tare da shi kuma ya dogara da shi, ba ya ciki. Mai shayi a bakin titi da mai tura baro a kasuwar Laffa kuwa ba su da maigida balle a yi maganar albashi, a wurinsu ranar hutu rana ce da ciniki ya mutu. A ganina wannan gibi ne babba a cikin dokar, amma ba ni zan gyara ta ba. Abin da za mu iya shi ne dabara. Idan aikin yini ne, a yanke lada kafin a ɗaga bulo ɗaya, a gaban shaida, a faɗi cewa yau Salla ce kuma ladar Salla daban take. 'Yar aikin gida ta yi magana da uwargida tun farkon ɗauka: Juma'a tawa ce ko taki, kwana nawa zan samu da Salla. Iyaye su ne ya kamata su yi wannan magana idan yarinyar ba ta da bakin yi.

Wanda doka ta shafa kuma aka hana shi haƙƙinsa, wurin kai ƙara shi ne Ofishin Ƙwadago, Maktabul Amal. Kafin ka je, ka rubuta ranakun da ka yi aiki da awoyinsu a ɗan littafi, ko ka sa yaro ɗan makaranta ya rubuta maka kowace yamma. Na sha zama a gaban jami'a mutum yana rantsuwa an cuce shi, a tambaye shi wace rana, ya ce lokacin da aka yi ruwan nan mai yawa. Da irin wannan amsa ba a cin shari'a.

A nan dole in bambanta mutum biyu. Ɗan Sudan da yaƙi ya raba da garinsa, daga Sinnar ko Mai Wurno ko Madani ko Kurdufan, sunansa "nazih", yana da haƙƙin aiki a ko'ina kamar kowane ɗan ƙasa. Wanda ya ƙetaro daga wata ƙasa sunansa "laji'i", lamarinsa yana hannun Hukumar 'Yan Gudun Hijira, Mu'utamadiyyatul Laji'in, a ƙarƙashin dokar mafaka ta 2014, kuma yana buƙatar katinsa da izinin aiki da izinin tafiya. Shi ne ya fi kowa bukatar lura da hutu, domin idan katinsa ya mutu ranar farko ta hutun Salla, zai yi mako guda yana wuce shingen bincike da mataccen kati.

Abin da hutu ba ya tsayarwa

Sashen gaggawa na asibiti, wanda ake kira hawadis, ba ya hutu. Ofishin 'yan sanda ba ya hutu, kuma akwai mai gabatar da ƙara na gwamnati, wakilin niyaba, da ke kan aiki a ranakun hutu. Matar da aka yi wa fyaɗe ko duka kada ta jira a koma aiki. Maganin da ke kare ta daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, kwana uku ke nan, hutun Salla ya fi haka tsawo. A kai ta a ranar, kuma sirrinta a rufe yake.

Idan an kama wani naku, Dokar Bin Bahasin Laifuka ta 1991 ta ce 'yan sanda suna iya riƙe mutum awa 24 don bincike, wakilin niyaba yana iya ƙarawa har kwana uku, bayan haka sai da umarnin alƙali. Dokar ba ta ce a daina ƙirga awoyi don ana Salla ba. Sai dai ba zan ɓoye muku ba, muna cikin yaƙi, akwai dokar ta-ɓaci da ke ba hukumomi ikon da ya wuce wannan, kuma abin da ke rubuce ba kullum yake zama abin da ke faruwa ba. Duk da haka, iyalin da suka kawo mana labari a ranar farko, da cikakken sunan mutum da wurin da aka kama shi da lokaci, sun fi waɗanda suka jira bayan hutu samun sauƙin gano inda yake.

Mai shari'a a kotu kuma ya sani wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, kwana 15 ne a yawancin shari'o'i. Idan hutu ya faɗo a tsakiya, kada ka zauna kana lissafin ko za a ƙara maka kwanaki. Ka kai takardarka kafin a rufe.

Ofisoshin ƙungiyoyin agaji suna aiki Lahadi zuwa Alhamis kamar na gwamnati, amma jerin hutunsu ba lallai ya zo daidai da na gwamnati ba. Ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya suna da kwana goma na hutu a shekara da suke tsarawa tun farkonta. Yana yiwuwa ka ga gwamnati na hutu mu muna aiki, ko akasin haka. 20 ga Yuni, ranar 'yan gudun hijira ta duniya, ba hutu ba ce, ranar taro ce kawai. Masu jiran saƙon kuɗi ko takarda daga Najeriya ko Nijar ko Chadi su tuna can Asabar da Lahadi ake hutawa, mu nan Juma'a da Asabar, saboda haka kwana huɗu ne kacal a mako ofisoshin ɓangarorin biyu suke buɗe tare, Litinin zuwa Alhamis.

Yanzu ku ɗauko alƙalami, domin makonnin da ke gabanmu cike suke. 19 ga Disamba 2025 Juma'a ce, dama babu aiki. 25 ga Disamba Alhamis ce, idan sanarwa ta fito kamar yadda aka saba tun 2019, za ta haɗu da Juma'a da Asabar, kwana uku a rufe. 1 ga Janairu 2026 ita ma Alhamis ce, wasu kwana uku ke nan. Daga 25 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu kwana goma ne, a cikinsu huɗu kawai ake aiki: Lahadi 28, Litinin 29, Talata 30, Laraba 31. Sai 7 ga Janairu, Laraba. Duk mai katin da zai mutu a cikin waɗannan kwanaki, ko mai jaririn da ba a yi wa rajista ba, ko mai neman lambar ƙasa don sa yaro makaranta, ya zo teburin kariya kafin 21 ga Disamba mu duba takardunsa tare. Da zarar sanarwar hutu ta fito zan rubuta ta da Hausa da Larabci in manna a allon da ke kusa da tankin ruwa, kuma zan gaya wa shugabannin layi su faɗa da baki saboda waɗanda ba su karatu. Idan ranar rabon abinci ta faɗo a kan hutu, sabuwar ranar ma a wannan allo za ku gan ta.